Me Shugaban 'Yan Daba Ke Nema a Littafin Wariyar Launin Fata?

Ana tsakiyar jana'izar Khalil, coci ya cika maƙil, sai ga wani ƙaton mutum ya shigo, samarinsa na biye da shi. Ya taka har gaban akwatin gawa, ya ɗora wani ƙyalle ruwan toka a ƙirjin mamacin. A unguwar Garden Heights ko ƙaramin yaro ya san abin da wannan ke nufi: wanda ke kwance ɗan King Lords ne, an zo sallamar ɗan gida. Kakar yaron, Rosalie, wadda ciwon daji ya riga ya ramar, ta miƙe ta fizge ƙyallen ta wurga wa mai shi. Sai dai aikin gama ya gama. Kowa ya gani, har da Starr, yarinyar da aka harbe Khalil a kan idonta, kuma ta bar cocin tana zaton abokin ƙuruciyarta ya mutu yana ɗan daba.

Wannan ƙaton shi ne King, shugaban 'yan dabar unguwar a cikin The Hate U Give, ƙagaggen labarin da Angie Thomas ta rubuta domin matasa, wanda ya fito a Amurka a watan Fabrairun 2017. Starr Carter ce ke ba da labarin da bakinta. Shekarunta 16, tana kwana a unguwar talakawa baƙaƙen fata, tana karatu a wata makarantar kuɗi ta 'ya'yan Turawa masu hali. Wani dare Khalil ya ɗauko ta a mota daga wajen biki, ɗan sanda farar fata ya tsayar da su, ya fitar da yaron daga mota, ya ɗirka masa harsashi uku. Khalil ba ya riƙe da ko tsinke. Daga baya aka ce wai burushin taje gashi da ke jikin ƙofar motar ne ɗan sandan ya zata bindiga. Starr ba ta kiran makashin da suna, sai da lambar da ta gani a ƙirjinsa, 115.

Thomas, wadda aka haifa a 1988 a birnin Jackson na jihar Misisipi, ta fara labarin ne a matsayin gajeren rubutu lokacin tana ɗaliba a Jami'ar Belhaven, bayan wani ɗan sandan jiragen ƙasa ya harbe Oscar Grant, saurayi ɗan shekara 22, a wata tasha a Oakland ranar 1 ga Janairun 2009, yana kife a ƙasa. Kafin ta faɗaɗa shi ya zama littafi an kashe Trayvon Martin a 2012, an kashe Michael Brown da Tamir Rice a 2014. Ke nan babu wanda zai yi tantamar inda littafin ya dosa. To, me ya kawo baƙar fata dillalin ƙwaya cikinsa, har ya zama shi ne mugun da mai karatu ya fi haɗuwa da shi? Ɗan sandan shafuka kaɗan ya ci, daga nan sai labarinsa a bakin wasu. King kuwa yana nan daga farko har ƙarshe. Kuma da aka zo rufe littafi, shi aka sa wa ankwa, wanda ya yi kisa yana gida.

Tambayar ba ta banza ba ce, domin a Amurka akwai wata magana da ake jefa wa baƙaƙen fata duk lokacin da suka fito zanga-zanga: ku da kuke kashe junanku kullum, me ya sa sai ɗan sanda ya kashe ɗaya kuke tada jijiyar wuya? Tsohon magajin garin New York, Rudy Giuliani, ya faɗi irin wannan a talabijin a 2014 ana tsakiyar rikicin Ferguson, garin da aka kashe Michael Brown. Amsa ba ta da wuya. Akasarin kisan kai a ƙasar tsakanin mutane masu launi ɗaya yake faruwa, a wajen farare da baƙaƙe duka, saboda mutum na kusa da shi yake cuta. Sannan ɗan daba ba da harajin jama'a ake biyansa ba, kuma ba doka ce ta rataya masa bindiga ba. Duk da haka maganar na da tasiri, don haka marubucin da ya sa mutum irin King a littafinsa ya san yana iya miƙa wa abokan gaba sanda. Hanya mafi sauƙi ita ce Thomas ta share 'yan daba gaba ɗaya, ta mai da Khalil salihin ɗalibi, ta mai da unguwar ta bayin Allah zalla. Ba ta yi haka ba, kuma a ganina da ta yi, da littafin ya mutu a hannunta. Yaran da ta rubuta dominsu sun san King. Suna wucewa ta gabansa a hanyar makaranta.

Abin da ta yi shi ne ta jera King da hukuma a matsayin masu iko biyu da ke jan mutum ɗaya. Dubi abin da ya sami Khalil bayan mutuwarsa. 'Yan jarida da 'yan sanda suka ce dillalin ƙwaya ne, mai yiwuwa ɗan daba, domin kisan ya yi sauƙin haɗiya. King ma ya ce ɗan daba ne, domin nasa dalilin. Sai can gaba wani yaro mai suna DeVante ya fasa wa Starr ƙwai: King ya nemi Khalil ya shiga, yaron ya ƙi, kuma shugaban daba ba ya iya barin a ji cewa an ce masa a'a, shi ya sa ya kai ƙyallen nan. Ƙwaya kam Khalil ya sayar, amma mahaifiyarsa Brenda, wadda shaye-shaye ya cinye, ita ta saci kayan King, ɗan ya ɗauki bashin don kada a kashe ta. Ƙaryar da ɗan daba ya yi don kare girmansa ita ce hujjar da hukuma ke buƙata don wanke nata mutumin. Ba su zauna sun ƙulla ba. Bukatunsu ne suka zo ɗaya.

Haka kuma dukansu biyu bakin Starr suke so a rufe. In ta faɗi yadda aka yi kisan, ta taɓa 'yan sanda. In ta faɗi dalilin da ya sa Khalil ya sayar da ƙwaya, ta taɓa King. Gaba kura, baya sayaki. Akwai wani wuri da marubuciyar ta haɗa abin a fili guda. Dattijo Lewis, mai shagon aski kusa da kantin Maverick mahaifin Starr, ya tsaya gaban kyamara ya ambaci sunan King ɓaro-ɓaro. Maverick ya shiga yi masa faɗa cewa ya sa kansa a haɗari. Suna cikin musu sai ga 'yan sanda biyu. Da suka gane Maverick uban mai shaidar nan ne, suka kifar da shi a ƙasa, aka danne masa baya da gwiwa, 'ya'yansa na kallo. Ba a jima ba yaran King suka zo suka yi wa dattijon lilis a shagonsa. A titi ɗaya, cikin 'yan kwanaki, kowane mai iko ya nuna abin da yake yi wa mai magana. A daren da washegari Starr za ta je ba da shaida, aka buɗe wa gidansu wuta, aka jefo bulo ta taga, kuma mutanen gidan suka kasa tantance ko yaran King ne ko 'yan sanda. Wannan rashin tantancewa, a wurina, ya fi duk jawaban da ke cikin littafin kaifi.

Daga ina King ya fito? Garden Heights ƙagaggiyar unguwa ce, King Lords da abokan gabarsu Garden Disciples ma haka, ko da yake sunayen na tuna wa mutum Vice Lords da Gangster Disciples na Shikago. Amma tarihin da ya haifi irinsu na gaske ne. Tsakanin wajejen 1916 da 1970 baƙaƙen fata kusan miliyan shida suka bar kudancin Amurka zuwa biranen arewa da yamma, suna gudun wariya, suna neman aikin masana'antu. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirorin birane, ta shafa wa unguwanninsu jan launi, alamar wuraren da bai kamata banki ya ba da rancen gida ba. Sai a 1968 doka ta haramta wariya wajen sayar da gida da ba da haya, lokacin kuwa an riga an killace mutane. Daga nan masana'antun suka fara rufewa ko ƙaura. Aka bar samari jingim, babu aiki, babu jari, babu hanyar fita. Dabar Crips ta kafu a Los Angeles a ƙarshen shekarun 1960, Bloods ta biyo baya a farkon shekarun 1970. Da dunƙulen hodar iblis mai arha da ake kira kirak ya shigo a shekarun 1980, dabar unguwa ta koma kamfani.

Maganin da gwamnati ta kawo shi ne kurkuku. Dokar 1986 ta ce giram 5 na kirak, wanda talaka ke sha, hukuncinsa ɗaya da giram 500 na garin hodar, wadda masu kuɗi suka fi sha: shekara biyar a ƙalla. Ninki ɗari ke nan, kuma sai a 2010 aka rage shi zuwa ninki 18. Baƙaƙen fata kusan kashi 13 cikin ɗari ne na mutanen ƙasar, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunoninta. Wanda ya fito daga kurkuku kuma da tabon laifi yake yawo, mai ɗaukar aiki na gani ya ce a je a dawo. Gidan su Starr kansa shaida ne. Kakanta na wajen uba babban dillali ne da ya ƙare a kurkuku, ubanta ya gaji dabar tun yana yaro, ya yi shekara uku a ɗaure. Akwai hirar da Maverick ya yi da 'yarsa a mota, inda ya ja hankalinta ga abu mai sauƙi: babu mai jirgin sama a unguwarsu, amma ƙwaya na isowa. Wani ne ke kawo ta. King ba shi ne saman tsani ba, ko da yake a Garden Heights babu wanda ake gani sama da shi.

Kuɗin ma ba ya sauka ƙasa. Masanin zamantakewa Sudhir Venkatesh ya sami littattafan lissafin wata daba a Shikago, shi da masanin tattalin arziki Steven Levitt suka nazarce su, suka tarar yaran da ke tsaye a bakin titi suna samun wajen dala 3.30 a awa, ƙasa da mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka, alhali su ne ake harbi, su ne ake kamawa. Riba na wajen shugaba. Wanda ya san wannan zai fahimci DeVante, wanda ya saci dala 5,000 na King don ya fitar da uwarsa da ƙannensa mata daga gari bayan an kashe ɗan'uwansa Dalvin kuma aka umarce shi ya rama. Zai kuma fahimci motar King mai tsada da ke tsayawa a ƙofar kantin Maverick, da damin kuɗin da yake zarowa ya miƙa wa yara su sayi abinci. Kyautarsa duk ƙugiya ce. Ya yi tayin biyan kuɗin jana'izar Khalil, Rosalie ta ƙi, domin ta san abin da ke biyo bayan karɓa.

Wani abin da ya fi talauci bayyana ƙarfin King shi ne rashin hukuma a inda ake buƙatarta. Mutum zai ce ai unguwannin nan cike suke da 'yan sanda. Haka ne, amma na tare mota da laluben aljihu. 'Yar jarida Jill Leovy, a littafinta Ghettoside na 2015 kan kashe-kashen kudancin Los Angeles, ta nuna cewa hukumar da ke tsananta wa baƙar fata kan ƙananan laifuka ita ce kuma ke sakaci idan an kashe shi. A farkon shekarun 2020 kusan rabin kisan kai a Amurka ba a kama kowa a kansa ba, kuma abin ya fi muni idan mamacin baƙi ne. Starr tana da shekara goma aka harbe ƙawarta Natasha daga cikin mota suna wasan ruwa a titi, ba a kuma kama kowa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda kotu ba ta rama wa mutum, mai bindiga ne alƙali, shi ne mai karɓar haraji, shi ne mai ba da kariya daga sharrin da shi kansa ke haddasawa.

Dokar nan ta kada a kai ƙara wajen hukuma, wadda King ke mulki da ita, ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Tana da tushe a tarihin da mutanen suka sha. A Disambar 1969 'yan sanda suka kashe Fred Hampton, shugaban ƙungiyar gwagwarmayar baƙaƙen fata ta Black Panthers a Shikago, ɗan shekara 21, a kan gadonsa, kuma wanda ya ba da zanen gidan ɗan leƙen asirin hukumar FBI ne da ke cikin ƙungiyar. Hampton ɗin nan ya yi ƙoƙarin jawo dabobin birnin cikin gwagwarmayar siyasa, hukumar kuwa ta aika wa Jeff Fort, shugaban dabar Blackstone Rangers, wasiƙa marar suna don ta haɗa su faɗa. Al'ummar da ta ga haka ba za a zarge ta da ƙin yarda da hukuma ba. Abin takaicin shi ne shirun da aka koya don kare kai daga azzalumin waje, azzalumin gida ya gaje shi, yana cin karensa babu babbaka. Maverick, wanda ke sa 'ya'yansa haddar manufofi goma na Black Panthers, shi ma yana cikin wannan tarko. Ya ɗauki laifin King ya tafi kurkuku don a bar shi ya fita daga dabar, ya fito ya ci gaba da rufe masa asiri shekara da shekaru.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne a wani ɓangare na wannan. Wanda ya zauna Kano ya san 'yan daba, na Bauchi ya san sara-suka, na Gombe ya san kalare, kuma ya san yadda unguwa ke sanin mai laifi ta yi gum saboda gobe. Amma kada a ja kamancen ya wuce nan. Namu galibi 'yan siyasa ne ke ɗaure musu gindi, kuma ɗan sandan da ke bin su launinsu ɗaya. A Garden Heights launin fata ne ya shata iyakar unguwar tun farko.

Thomas ta yi hattara wajen raba shugaba da mabiya. Maverick tsohon ɗan daba ne, kuma shi ne uba mafi nagarta a littafin. Wani mai suna Goon da yaransa na yankin Cedar Grove 'yan King Lords ne, amma su suka yi gadin gidan su Starr, suka raka ta wajen ba da shaida. Maverick ya zaunar da su da 'yan Garden Disciples a ɗaki ɗaya don a kare unguwa idan tarzoma ta tashi. Wannan ma ba mafarki ba ne: a Afrilun 1992 Crips da Bloods na unguwar Watts sun ƙulla sulhu daf da ɓarkewar tarzomar da ta biyo bayan wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka. Saƙon a fili yake, cewa yaron da ya ɗaura ƙyalle bai fita daga cikin mutane ba. Mutum ɗaya kawai littafin ya ƙi yi wa uzuri.

A nan ne nake da ja da marubuciyar. King na The Hate U Give ba shi da ciki. Muna ganin girman jikinsa, da motarsa, da barazanarsa, da dukan da yake yi wa Iesha, uwar 'ya'yansa, amma ba mu taɓa jin abin da ke sa yaro mai hankali ya so zama kusa da shi ba. Shugaban daba na gaske ba da tsoro kaɗai yake tara samari ba. Yana da fara'a, yana tuna sunan uwarka, yana ba ka matsayin da makaranta da kasuwa suka hana ka. Nic Stone, a littafinta Dear Martin da ya fito a shekarar nan ta 2017, ta fi kama wannan da nata shugaban dabar, Martel, mai ilimi da iya zance, wanda ke yi wa yaro maganar asalinsa na Afirka har ya ji ya sami uba. Irin wannan ya fi King haɗari, ya kuma fi shi gaskiya. Za a iya kare Thomas da cewa Starr ce ke ba da labari, kuma yarinya 'yar shekara 16 da ake yi wa barazanar kisa ba aikinta ba ne ta leƙa zuciyar mai barazanar. Na yarda. Amma abin lura ne cewa ɗan sandan da ya yi kisa ya sami uba da ya fito talabijin yana ba da labarin kirkinsa, ko da yake don a nuna yadda ake wanke irinsa aka kawo hirar, shi kuwa King babu wanda ya taɓa faɗin yadda yake yana yaro.

Da alama ita ma ta ji wannan giɓi, domin a Janairun 2021 ta fitar da Concrete Rose, wanda ya koma 1998, lokacin Maverick na ɗan shekara 17. A can King aminin Maverick ne, maraya da ya tashi a hannun masu riƙo, aka kore shi daga makaranta bayan ya yi faɗa da kocin ƙwallonsu. Jaririn da Iesha ta haifa, wanda kowa ya ɗauka na King ne har aka raɗa masa sunansa, gwajin DNA ya nuna na Maverick ne. Wannan jariri shi ne Seven, yayan Starr. Wanda ya karanta littafin na biyu ya koma na farko zai ga ƙiyayyar King ga gidan Maverick da wani ido: mutumin da bai da kowa ne, yana kallon abokinsa ya sami uwa, da mata, da ɗa, da ƙofar fita. Wannan bai wanke shi ba. Ya dai mai da shi mutum, kuma ya sa tambayar ta koma inda ya dace, wato me ya raba yara biyu da suka tashi a layi ɗaya.

Fim ɗin da George Tillman Jr. ya shirya a 2018, inda Amandla Stenberg ta fito a Starr, Anthony Mackie ya fito a King, ya ƙara dagula lissafin. An cire DeVante gaba ɗaya, shi da ke nuna yadda daba ke cin 'ya'yanta. An kuma ƙara wani fage da babu shi a littafi, inda ƙaramin ƙanin Starr, Sekani, ya ɗauki bindiga ya auna King, 'yan sanda kuma suka auna yaron. Fagen na girgiza mai kallo, amma ya mai da ƙololuwar labarin rigimar baƙi da baƙi, wadda hukuma ta zo rabawa. Masu sukar da suka ce fim ɗin ya sauƙaƙa wa farar fata kallo ba su yi ƙarya ba.

Saura ƙarshen littafin, wanda shi ne ainihin wurin gardama. Mako 13 bayan kisan, kwamitin mutanen gari da ke duba ko akwai hujjar gurfanar da wanda ake zargi ya ce babu. Unguwa ta kama da wuta. Cikin hargitsin King ya sa aka cinna wa kantin Maverick wuta, Starr da Seven da DeVante da saurayinta Chris suna ciki, suka sha da ƙyar. Da 'yan sanda suka iso, Lewis ya nuna King, Maverick ya mara masa baya, maƙwabta suka shiga cewa su ma sun gani, ɗaya bayan ɗaya. Aka tafi da shi. DeVante ya ce zai ba da shaida kan inda kayan suke don ɗaurin ya yi tsawo.

Ana iya karanta wannan a matsayin nasara, kuma haka yawancin matasa ke karanta shi: jama'a sun yi magana, azzalumi ya faɗi. Ana kuma iya cewa marubuciyar ta ba mai karatu wani mugun ya huce a kansa ne, tunda na ainihin ya fi ƙarfinta. Ni ina ganin abu na uku, ko ta nufa ko ba ta nufa ba. A dare ɗaya, hukuma ɗaya, shaidar baƙaƙen fata ta isa a kama baƙar fata nan take, alhali shaidar Starr, wadda ta gani da idonta, ta faɗa wa masu bincike, ta faɗa a talabijin, ta faɗa a gaban kwamiti, ba ta isa ko a kai farar fata gaban alƙali ba. Kama King bai daidaita sikeli ba, nuna karkatarsa ya yi. Da babu King a littafin, da ba mu da abin da za mu auna sakin ɗan sandan da shi.

Wannan ne ya sa nake mamakin masu neman a kwashe littafin daga makarantu da sunan yana cusa ƙin 'yan sanda. Wata gundumar ilimi a jihar Texas ta janye shi a 2017, wani reshen ƙungiyar 'yan sanda a South Carolina ya yi ƙorafi a kansa a 2018, kuma ya sha shiga jerin littattafan da aka fi kai ƙara a kansu na ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka. Alhali kawun Starr, Carlos, wanda ya riƙe ta lokacin ubanta na ɗaure, ɗan sanda ne, kuma matsalar King a hannun 'yan sanda aka miƙa ta. In akwai masu hujjar ƙorafi, su ne 'yan gwagwarmayar da ke ganin kurkuku ba ya maganin abin da kurkuku ya taimaka wajen haifarwa.

Su ma littafin ya bar musu abin kamawa. Kakan Starr ya tafi kurkuku, kasuwar ba ta tashi ba, King ya hau. Yanzu King ya tafi, kuma babu masana'antar da aka buɗe a Garden Heights, babu makarantar da aka gyara, masu shan ƙwaya irin Brenda suna nan da ƙishirwarsu. Iyalan Carter sun riga sun koma wata unguwa mai kwanciyar hankali, ko da yake Maverick ya ce zai sake gina kantinsa a inda yake. Waɗanda ba su da inda za su su ne mutanen gidan King. Iesha, wadda littafin ya yi ta nunawa a matsayin uwar banza, ita ce ta ɗauke hankalin King har su Starr suka fitar da DeVante daga gidansa, ta san abin da zai biyo baya, kuma dukan da ta sha ya kai ta asibiti. Kenya, 'yar King kuma ƙawar Starr, wadda tun farko ta fi kowa matsa mata lamba ta buɗe baki saboda Khalil, ita ce maganar ta raba da uba. Ita da ƙanwarta Lyric sai gidan kaka.